Ilimin asibiti a jarrabawar lasisin ma'aikatan jinya

Ilimin asibiti a jarrabawar lasisin ma'aikatan jinya shi ne ɓangaren sanin aikin jinya da ya shafi kula da majinyaci kai tsaye: auna shi, gane alamun da ke nuna jikinsa yana tsananta, ba shi magani daidai da awo, da sanin abin da za a fara yi idan buƙatu da yawa suka taso lokaci guda. A kan wannan ɓangare ne hukumomin ba da lasisi ke gina yawancin tambayoyinsu, haka ma asibitoci da ma'aikatun lafiya idan za su ɗauki sababbin ma'aikata. Abin da jarrabawar ke son tabbatarwa shi ne wanda ya ci ta ba zai cutar da mara lafiya ba idan aka bar shi shi kaɗai a ɗakin kwanciya da tsakar dare, lokacin da likita yake wani wurin.

Hukuma da tsarin jarrabawa a Najeriya

A Najeriya, Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, wadda aka fi sani da NMCN, ita ce ke da ikon yi wa ma'aikacin jinya rajista da ba shi lasisi. An kafa ta da doka mai lamba 89 ta shekarar 1979, wadda ta haɗe hukumomi biyu da suka daɗe suna aiki daban-daban tun zamanin mulkin mallaka, wato hukumar ungozoma da majalisar ma'aikatan jinya. Hedikwatarta tana Abuja. Ita ce ke tsara manhaja, ta tantance makarantu, ta kuma shirya jarrabawar ƙarshe. Ɗalibi zai iya gama karatunsa a kwalejin koyon aikin jinya ko a jami'a, inda digirin jinya ke ɗaukar shekara 5, amma takardar makaranta ita kaɗai ba ta ba shi damar kama aiki a matsayin nas sai ya ci jarrabawar majalisa.

Ana yin jarrabawar ma'aikatan jinya na gama-gari sau biyu a shekara, ta ungozoma ma haka. Tana da ɓangaren tambayoyi masu zaɓin amsa da ake yi a kwamfuta, da ɓangaren aikace wanda ake kira OSCE. Wanda ya ci ta farkon ana masa rajista da laƙabin RN, ungozoma kuma RM. Akwai wasu jarrabawoyin na ƙwarewa da ake yi daga baya, kamar jinyar masu taɓin hankali, jinyar ido, jinyar ɗakin tiyata, da lafiyar al'umma.

Yadda ake gina tambaya

Mafi yawan tambayoyin suna tafiya ne a kan matakai biyar na aikin jinya: a binciki majinyaci, a fitar da matsalarsa ta fuskar jinya, a tsara abin da za a yi, a aiwatar, sannan a duba ko an samu biyan buƙata. Ma'aikatan jinya na Amurka ne suka tsara wannan tsari a shekarun 1950 da 1960, daga cikinsu akwai Ida Jean Orlando, kuma ƙungiyar NANDA ce ta tattara sunayen matsalolin da ake amfani da su a makarantu. Bambancin da ɗalibai kan yi tuntuɓe a kansa shi ne tsakanin sunan cuta, wanda likita ke fitarwa, da matsalar jinya. Likita zai rubuta cewa majinyaci yana da ciwon huhu. Nas kuma za ta rubuta cewa majina ta toshe masa hanyar iska kuma ba ya iya fitar da ita, domin wannan ne abin da hannunta zai iya gyarawa: ta ɗaga shi zaune, ta zuƙe majinar, ta sa masa oksijin.

Tambaya mai sauƙi takan nemi a tuna adadi ko suna. Mai wuya ita ce wadda duk amsoshi huɗun daidai ne, amma ana tambayar wanne za a fara. A nan ƙa'idar ita ce hanyar iska, sai numfashi, sai zagayawar jini. Idan aka kawo majinyata huɗu, ɗaya yana kukan ciwo bayan tiyata, ɗaya yana da zazzaɓi, ɗaya yana jiran a sallame shi, ɗaya kuma muryarsa ta fara dishewa bayan wuta ta ƙone masa fuska, na ƙarshen nan ne za a fara zuwa wurinsa ko da shi ne ya fi kowa shiru, saboda maƙogwaronsa na iya kumbura ya rufe. Mai ihu dai iska tana shiga huhunsa. Wata ƙa'idar ita ce a duba kafin a aikata, sai dai idan tsayawa dubawar zai jawo asarar rai. Ana kuma amfani da jerin buƙatun ɗan Adam na Abraham Maslow, wanda ya wallafa a 1943, don nuna cewa buƙatar jiki tana gaba da ta zuciya.

Alamomin rai

Babu jarrabawar jinya da ba ta tambayar alamomin rai. A babban mutum da ke hutawa, bugun jijiya yana tsakanin 60 da 100 a minti, numfashi 12 zuwa 20, zafin jiki kusan digiri 36.5 zuwa 37.5 a ma'aunin Selsiyos, awon jini kuma wajen 120 bisa 80. Iskar oksijin a jini, wadda ake aunawa da ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa, takan kasance kashi 95 cikin 100 ko sama. Haddace waɗannan ba shi da wuya. Abin da jarrabawa ke nema shi ne a karanta su a haɗe. Majinyacin da bugun jijiyarsa ke hawa, awon jininsa ke sauka, jikinsa ya yi sanyi yana gumi, bayan tiyatar ciki, ana zargin jini ne yake zuba a ciki ko da babu ɗigo ɗaya a kan bandeji. Wanda kuma awon jininsa ke hawa alhali bugun jijiyarsa na raguwa kuma numfashinsa ya rikice bayan ya bugu a ka, matsi ne ke ƙaruwa a cikin ƙoƙon kansa.

Numfashi shi ne alamar da ta fi saurin nuna taɓarɓarewa, kuma shi ne aka fi yi wa riƙon sakainar kashi a ɗakunan kwanciya, inda wasu kan rubuta 20 ba tare da sun ƙirga ba. A yara adadin ya bambanta da shekaru. A tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa yaro yana numfashi da sauri idan ya kai 60 a minti ga jaririn da bai kai wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, da 40 ga ɗan shekara 1 zuwa ƙasa da 5. Da wannan ƙirga kaɗai ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a ƙauye za ta iya gane ciwon huhu ba tare da hoton ƙirji ba.

Don auna hayyacin majinyaci ana amfani da ma'aunin Gilasgo, wanda Graham Teasdale da Bryan Jennett suka fitar a 1974. Buɗe ido yana da maki 4, magana 5, motsi 6. Jimla mafi girma 15 ce, mafi ƙanƙanta 3, don haka duk wanda ya rubuta sifili ya faɗi tambayar. Maki 8 ko ƙasa yana nufin majinyaci ba zai iya kare hanyar iskarsa da kansa ba.

Lissafin magani da ƙarin ruwa

Wannan ne ɓangaren da kuskure a cikinsa ya fi saurin kisa, shi ya sa wasu hukumomi ke ware masa takarda ta daban. Asalin lissafin ɗaya ne: abin da aka rubuta, a raba shi da abin da ke hannu, a ninka da yawan ruwan da yake ciki. Idan an rubuta miligiram 250 na wani magani, kwalbar kuma tana da miligiram 125 a kowace mililita 5, za a ba da mililita 10. Tarkon da ake ɗanawa yawanci a canjin ma'auni yake, domin giram 1 miligiram 1,000 ne, miligiram 1 kuma maikurogiram 1,000. Ɗigon lissafi ɗaya da ya kauce daga wurinsa yana ninka magani sau goma.

A asibitocin da babu injin tura ruwa, kuma su ne suka fi yawa a yankinmu, nas ce ke ƙirga ɗigo da agogon hannunta. Ana ninka yawan ruwa da adadin ɗigon da robar ke bayarwa a mililita ɗaya, a raba da mintoci. Ledar ruwa mai mililita 1,000 da aka ce ta shiga cikin awa 8, da roba mai ɗigo 20, za ta tafi a ɗigo 42 a minti, domin 20,000 ne aka raba da 480. Robar yara ƙanana tana ba da ɗigo 60, don haka a wurinta adadin ɗigo a minti daidai yake da adadin mililita a awa.

Maganin yara ana lissafa shi ne da nauyin jiki. Misalin da ya fi dacewa da Najeriya da Nijar shi ne allurar atesunet ta zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Babba da yaron da ya kai kilo 20 ana ba su miligiram 2.4 a kowane kilo, wanda bai kai kilo 20 ba kuma miligiram 3. Ana yin ta nan take, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Yaro mai kilo 15 zai sami miligiram 45. Kwalbar tana ɗauke da miligiram 60, kuma idan aka narka ta don allurar jijiya takan zama mililita 6, wato miligiram 10 a kowace mililita, sai a ja mililita 4.5. Tambaya ɗaya ce, amma ta gwada sanin magani, sanin bambancin yaro da babba, da lissafi.

Akwai magungunan da ake tambaya a kansu kusan kullum saboda haɗarinsu. Sinadarin fotashiyam a jini yana tsakanin 3.5 da 5.0, kuma ba a taɓa tura allurarsa kai tsaye cikin jijiya, sai an surka ta a ledar ruwa ta shiga a hankali, in ba haka ba zuciya na iya tsayawa. Kafin a ba babba digoksin ana sauraren bugun zuciyarsa minti guda cikakke, idan bai kai 60 ba a dakata a sanar da likita. Ana kuma son a san makarin kowane magani mai haɗari: bitamin K ga wafarin, furotamin ga hefarin, naloksan ga mofin da danginsa. Kafin ba da kowane magani ana tabbatar da majinyacin, maganin, awon, hanyar bayarwa, da lokacin, sannan a rubuta bayan an bayar. Idan rubutun likita bai fita ba, ko awon ya yi kama da kuskure, amsar da ake nema ita ce a dakata a tambaye shi. Nas ɗin da ta ba da awon da ya kamata ta gane kuskure ne tana da nata alhakin a gaban doka.

Ciki da haihuwa

Jarrabawar Najeriya tana ba wannan fanni muhimmanci sosai, ko ga waɗanda ba ungozoma za su zama ba, saboda ƙasar tana cikin waɗanda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa. Tambaya mafi sauƙi ita ce lissafin ranar haihuwa: a ɗauki ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, a ƙara kwana 7, a cire wata 3, a ƙara shekara. Wadda ta ga jininta na ƙarshe ranar 10 ga Maris 2024 ana sa ran haihuwarta ranar 17 ga Disamba 2024.

Zubar jini bayan haihuwa, a ma'anar da aka daɗe ana koyarwa, shi ne asarar mililita 500 ko fiye cikin awa 24. Dalilansa huɗu ne: mahaifa ta saki ba ta tsuke ba, yagewa, ragowar mabiyiya a ciki, ko jini ya ƙi daskarewa. Na farkon ne ya fi yawa nesa ba kusa ba, don haka idan aka tambayi abin da za a fara yi ga mai jego da mahaifarta ta yi laushi, amsar ita ce a mulmula mahaifar ta saman mara har ta yi tauri, ana kiran taimako. A duba mafitsara kuma, domin idan ta cika takan ture mahaifa gefe ta hana ta tsukewa. Don rigakafi ana yi wa kowace mai haihuwa allurar oksitosin yunit 10 da zarar jariri ya fito. Maganin taraneksamik giram 1 yana rage mutuwa idan aka ba da shi cikin awa 3 da haihuwa. A 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci na Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororinsa. Ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni, da ba da duk matakan magani a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. Ƙiyasin jini da ido yakan gaza abin da ya zuba a zahiri.

Jijjigar masu ciki ita ce ta biyu. Hawan jini da ya kai 140 bisa 90 bayan mako 20 na ciki, tare da furotin a fitsari, shi ne gargaɗin farko. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi da ciwo a ƙasan haƙarƙarin dama suna nuna jijjiga ta kusa. Maganin shi ne maganiziyam salfet. A tsarin Pritchard, wanda aka fi amfani da shi inda babu injin tura ruwa, ana ba da giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan giram 5 duk bayan awa 4, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjiga ta ƙarshe. Aikin nas kafin kowace allura shi ne ta duba abu uku: ko gwiwa tana zabura idan an ƙwanƙwasa ta, ko numfashi bai yi ƙasa da 16 a minti ba, da ko fitsari yana kai mililita 30 a awa. Ƙoda ce ke fitar da maganin, idan fitsari ya ragu sai ya taru ya danne numfashi. Makarinsa kalsiyam gulukonet giram 1, kuma ana son ya kasance a gefen gado. Lokacin da mace ke cikin jijjiga ana kwantar da ita a gefenta na hagu, ba a cusa mata cokali a baki, ba a danne ta.

Jariri kuma ana auna shi da ma'aunin da Virginia Apgar ta ƙirƙiro a 1952, a minti na 1 da na 5, daga 0 zuwa 10. Ba a jiran wannan maki kafin a fara ceto. Jaririn da bai yi numfashi ba bayan an goge shi an motsa shi, ana fara hura masa iska da jaka da murfin fuska cikin minti na farko.

Yara

Gudawa, tamowa da rigakafi su ne ginshiƙin tambayoyin yara. Yaro mai gudawa ana ba shi ruwan gishiri da sukari tare da zink miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba. Idan ruwan jikinsa ya ƙare sosai, ido ya faɗa, fata ba ta komawa idan an ja ta, ba ya iya sha, sai ƙarin ruwa ta jijiya mililita 100 a kowane kilo. Amma wannan ƙa'ida ba ta hau kan yaro mai tamowa mai tsanani ba, kuma nan ne ake kama ɗalibai. Zuciyar irin wannan yaro ta yi rauni, ruwa mai yawa ta jijiya zai iya kashe shi, don haka ana ba shi wani ruwa na musamman ta baki kaɗan-kaɗan. Ana gane shi da awon damtse ƙasa da santimita 11.5, ko kumburin ƙafafu biyu. Ba a kuma ɗura masa abinci mai nauyi tun farko, ana fara shi da madarar F-75.

A rigakafi, ana tambayar jadawali da ajiya. Allurar tarin fuka, ɗigon shan inna da allurar ciwon hanta ana yin su da haihuwa, sai zagaye uku a mako na 6, na 10 da na 14, sai ƙyanda da shawara a wata na 9. Yawancin alluran ana ajiye su tsakanin digiri 2 da 8, kuma wasu, kamar allurar nan mai haɗin cuta biyar, daskarewa ce ke lalata su. Barkewar mashaƙo da aka yi fama da ita a Kano da maƙwabtanta a 2023 ta fi kama yaran da ba su kammala waɗannan allurai ba.

Gaggawa

A ƙuna ana raba jikin babba kashi-kashi: kai 9, kowane hannu 9, kowace ƙafa 18, gaban gangar jiki 18, baya 18, al'aura 1. Ruwan da za a ƙara a awa 24 na farko, a lissafin Parkland, mililita 4 ne a ninka da kilo a ninka da kason da ya ƙone. Mai kilo 60 da ya ƙone kashi 30 zai buƙaci mililita 7,200, rabi cikin awa 8 na farko. Awa 8 ɗin ana ƙirga ta ne daga lokacin da wuta ta taɓa shi. Wanda aka ɗauko daga nesa ya iso bayan awa 3, saura awa 5 ke nan a shigar da rabin.

A ƙarin jini, mutum biyu ne ke tantance sunan majinyaci da lambar leda, a fara a hankali, nas ta tsaya a wurin minti 15 na farko, kuma leda ɗaya ba ta wuce awa 4. Da zarar majinyaci ya fara rawar sanyi, ciwon baya ko sarƙewar numfashi, matakin farko shi ne a tsayar da jinin, a bar jijiyar a buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar roba, sannan a kira likita. Masu sikila, waɗanda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawansu, suna cikin waɗanda aka fi ƙara wa jini, kuma idan ciwonsu ya tashi abin da ake nema shi ne maganin ciwo da wuri, ruwa, ɗumi, da oksijin idan ya yi ƙasa.

Sarar maciji ba ta cika fitowa a littattafan Turai da Amurka ba, amma a yankunan noma na Gombe, Taraba da Filato abu ne na yau da kullum, har akwai asibitin da aka keɓe mata a Kaltungo. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa. Ana gwadawa ta hanyar zuba ɗan jinin majinyaci a busasshiyar kwalbar gilas a bar shi minti 20, idan bai daskare ba ana buƙatar makarin dafi. Ba a ɗaure gaɓar tamau, ba a tsaga, ba a tsotsa.

Kare kai da kare majinyaci

Wanke hannu yana da lokuta biyar a tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya: kafin taɓa majinyaci, kafin aikin da ke buƙatar tsabta, bayan haɗuwa da ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa abin da ke kewaye da shi. Safar hannu ba ta maye gurbin wankin. Ba a mayar wa allura murfinta bayan an yi amfani da ita, kuma wanda allura ta soke shi ana son ya fara maganin kariya daga ƙanjamau da gaggawa, kada ya wuce awa 72, ya sha na kwana 28. Wannan fanni yana da tarihi mai nauyi a Najeriya. Zazzaɓin Lassa an fara gano shi a 1969 a jikin ma'aikatan jinya na mishan, ta farkonsu a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu, kuma biyu daga cikinsu suka rasu. A barkewar Ebola ta Legas a 2014 ma'aikatan lafiya suna cikin waɗanda suka mutu, har da Dakta Ameyo Adadevoh.

Jarrabawar aikace

Tsarin OSCE Ronald Harden da abokan aikinsa ne suka bayyana shi a 1975 a Dundee ta Sikotilan. Ɗalibi yana zagaya tashoshi, kowace da aikinta da ƙayyadadden lokaci, mai jarrabawa kuma yana riƙe da takardar matakai yana sa maki. Da yawa daga makin da ake rasawa a ƙananan abubuwa ne: gaishe da majinyaci da gabatar da kai, tabbatar da sunansa, bayyana masa abin da za a yi da neman izininsa, jan labule, wanke hannu, duba ranar lalacewar magani, da rubuta abin da aka yi. Wanda ya saba aiki a asibiti mai cunkoso yakan tsallake su don hannunsa ya riga ya koyi gajeriyar hanya, shi ya sa wani lokaci tsohon ma'aikaci ya fi sabon ɗalibi shan wuya a nan.

Jarrabawar ɗaukar aiki da ta ƙasashen waje

Jarrabawar lasisi tana da ma'auni tsayayye, duk wanda ya kai shi ya ci. Ta ɗaukar aiki kuwa gasa ce, domin gurabe ƙalilan ne. Asibitocin koyarwa, cibiyoyin lafiya na tarayya da hukumomin asibitoci na jihohi sukan yi gajeriyar jarrabawa sannan ganawa, inda ake yawan ba mai neman aiki labarin majinyaci a ce ya faɗi abin da zai yi mataki-mataki.

Ma'aikatan jinya da yawa daga Najeriya da Ghana suna zama jarrabawar wasu ƙasashe. Ta Amurka da Kanada, NCLEX, kwamfuta ce ke zaɓar tambaya ta gaba gwargwadon amsar da aka bayar, daga tambaya 85 zuwa 150 cikin awa 5, kuma tun Afrilun 2023 aka ƙara mata labaran majinyata masu tambayoyi a jere don gwada yanke shawara. Ta Birtaniya tana da ɓangaren kwamfuta, wanda ya ƙunshi tambayoyin lissafi 15 da na aikin jinya 100, sai OSCE mai tashoshi 10 da ake yi a can, ban da jarrabawar Turanci. Saudiyya da sauran ƙasashen Gulf ma suna da nasu. Jikin ɗan Adam ɗaya ne a ko'ina, amma waɗannan jarrabawoyi sun fi tambaya kan jinyar tsofaffi, rarraba aiki ga mataimaka, kare masu rauni da dokokin ƙasarsu, fannonin da ba su da nauyi haka a manhajar Najeriya. A Fabrairun 2024 NMCN ta fitar da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi aikin shekara 2 bayan kammala karatu kafin ta tantance takardunsa ga hukumomin waje, abin da ya jawo zanga-zangar ma'aikatan jinya a Abuja da Legas.

Ilimin da ke canzawa

Matsalar karatu daga tsofaffin tambayoyi ita ce amsar da ta kasance daidai a da tana iya zama kuskure a yau. Kwinin ne maganin farko na zazzaɓin cizon sauro mai tsanani a yara har sai da binciken AQUAMAT na 2010, wanda aka yi a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya nuna atesunet ya fi ceton rai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya shawararta a 2011. A farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya, tun 2010 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta sa danna ƙirji a gaban hura iska, kuma ƙa'idar yanzu ita ce dannawa 30 da hurawa 2, sau 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6 ga babba. Zuwa awon ciki ya tashi daga sau 4 zuwa sau 8 a 2016. Naƙuda mai ƙarfi, wadda ake ƙirgawa daga buɗewar bakin mahaifa santimita 4, an mayar da ita santimita 5 a 2018. Lasisin NMCN ana sabunta shi lokaci-lokaci, kuma sai mai shi ya nuna shaidar halartar kwasa-kwasan ƙara ilimi da majalisar ta wajabta kafin a sabunta masa.